Tokar Yaya

Muna Katsina, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, lokacin da yayana ya rasu a Greensboro, birnin da muke zaune a Amurka. Hutun makaranta ne, muka kawo yaran su ga kakarsu. Damina ta sauka sosai. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Inna tana tsinke zogale a faranti, sai wayata ta yi ƙara. Da na ga lambar matar Yaya ce na san ba lafiya ba, don a tsawon zamanmu ba ta taɓa kirana da kanta ba. Baƙar fata ce 'yar Amurka, haifaffiyar gabashin Greensboro, kuma tun zuwana ƙasar Anti nake ce mata. Na tashi na shiga zaure.

Da Turanci ta yi maganar, a hankali, babu kuka a muryarta. Ta ce jiya da yamma ya faɗi a bayan gida, cikin shukar kuɓewarsa. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Zuciya ce, bai kai safiya ba. Na yi innalillahi, na zauna a kan dakali. Da na samu bakin magana na ce, "Anti, zan turo mutanen masallaci su karɓe shi su yi masa sutura. Ba sai an jira ni ba."

Ta ce, "Za a kula da shi."

Da na koma na gaya wa Inna, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye farantin a ƙasa, ta kakkaɓe zaninta, ta ce, "Ya riga ni ke nan. Allah ya jiƙansa."

Yaya ne ya kai ni Amurka. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ina firamare ya tafi karatu, ya ƙare da sana'ar gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da na je, a unguwar Glenwood muka zauna, a wani ɗan gidan katako da ke kusa da jami'a, wanda dabensa ke kuka duk inda ka taka. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya sama mini aiki a wani babban sito da ke hanyar Wendover. A lokacin sun rabu da Anti na ɗan wani lokaci, daga baya suka shirya ya koma gidanta, gidan da ta gada a wurin mahaifinta, inda suka raini 'yarsu guda ɗaya. Daga nan ya fara janye jiki daga mutanenmu. Da farko Juma'a ce ake rasa shi, daga baya har Idi. Bai taɓa ce mini ya bar addini ba. In ya zo gidana lokacin sallah ya yi, yakan yi alwala ya bi ni. Abin da ya wuce haka ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Daga zauren nan na kira Malam, limaminmu na Greensboro, wani dattijo mutumin Maraɗi. Ya ce in kwantar da hankalina, yanzu za su je. Washegari ya kira ni, muryarsa ba kamar ta jiya ba. Ya ce su uku suka je, suka tsaya a baranda. Matar ta fito amma ba ta buɗe ƙofar raga ba, daga ciki ta yi musu magana. Ta ce ta gode, amma sai ƙaninsa ya dawo.

"Bon," in ji Malam, da Faransancin mutanen ƙasarsu. "A ƙasar nan mata ce ke da iko da gawar mijinta, ba mu da yadda za mu yi. Ka yi sauri ka taho. Ban ji daɗin yadda ta kalle mu ba."

Na ɗauka yana mutuware, cikin sanyi, yana jirana. Abin ya dame ni, don gawa ba ta son jira, amma ban kawo komai a raina fiye da haka ba. Sauya tikitin mutum huɗu a tsakiyar hutu bai zo da sauƙi ba, sai da muka haura mako. Duk kiran da na yi wa Anti a tsakanin nan ba ta ɗauka ba. Saƙo take turowa, gajere: tana lafiya, sai na zo.

Ranar da za mu taso Inna ta kira ni ɗakinta. Ta jawo tsohuwar akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta fito da farin yadi a naɗe, yana ƙamshin turaren wuta. Likkafaninta ne, wanda ta saya a Makka ta tsoma a ruwan zamzam, ta ajiye wa kanta tun ina saurayi.

"Ka sa masa wannan," ta ce. "Ni nawa ba zai yi wuya ba, ina cikin mutane. Shi ne yake can."

Mun sauka Greensboro cikin zafin watan Agusta, irin zafin nan mai laima da ke manne wa mutum riga a baya. Na bar iyali a gida, da safe na ɗauki yadin a jaka na nufi gidan Yaya. Unguwar shiru, sai kukan gyare daga manyan itatuwa, kuka ɗaya mara yankewa. Motar aikinsa tana inda ya saba ajiye ta, ganye ya taru a gilashinta. Ta gefen gida na hango kuɓewar, ta yi tsawo ta ƙosa a jikin itacenta babu mai tsinka.

Anti ta buɗe mini ƙofa, ta rungume ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta rame. Ta zaunar da ni a falo ta kawo ruwa mai ƙanƙara. Na yi mata gaisuwa, na ce, "Wane wuri aka ajiye shi? Ina so mu je yau a karɓo shi."

Ta ɗaga kai ta dubi kantar da ke saman murhun ɗumama ɗaki. Na bi idonta. Akwai hotonsa na ranar aurensu, da fure a kwalba, da wani baƙin akwatin roba da bai fi kwalin takalmi ba.

Na daɗe ina kallon akwatin kafin hankalina ya yarda da abin da idona ya gani. Na san ana ƙona gawa a ƙasar, na sha jin abokan aiki suna faɗa. Ban taɓa haɗa wannan da wani nawa ba.

"Yaushe?" na ce.

"Kwana biyu bayan na kira ka."

Wato ranar da su Malam suka tsaya a baranda an riga an sa hannu a komai. Duk kwanakin da muke zaman makoki a Katsina, Inna tana karɓar gaisuwa tana cewa ɗanta yana jiran ƙaninsa, babu abin da ya rage sai wannan. Na miƙe na je gaban kantar. Na nemi izini na ɗaga shi. Ya fi yadda na zata nauyi, kamar jariri sabon haihuwa, kuma da na motsa shi na ji wani abu ya gangara a ciki, kamar tsakuwa. Na mayar da shi a hankali. Jakar yadin tana rataye a kafaɗata, ban ma cire ta ba.

Anti ta ce ranar Asabar mai zuwa za a yi taron tunawa da shi a zauren cocinsu. Bayan nan akwai wani bango a harabar cocin mai ƙananan ramuka, inda aka sa tokar mahaifinta, ta kama masa gurbi a kusa da shi. Na ce mata zan dawo mu yi magana. Na fita na shiga mota.

Kai tsaye na wuce wurin Malam. Na same shi bayan azahar da wani Alhaji, dattijo mai sayar da motoci, wanda shi ke kula da sha'anin maƙabarta a madadin mutanenmu. Da na faɗa musu, Malam ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya ce laifin ƙonawa ba ya kan mamaci in ba shi ya yi umarni ba, kuma abin da ya rage na jikin Musulmi haƙƙinsa ne a mayar da shi ƙasa. Wanka dai babu, tunda babu abin wankewa.

Alhaji ya gyara zama. "Malam, ka ce in ba shi ya yi umarni ba. To wa ya sani? Bawan Allahn nan rabona da ganinsa a sahu har na manta. Wurin nan na Musulmi ne, kuma ba mu kaɗai ke da shi ba, akwai Larabawa, akwai 'yan Pakistan. Gobe in aka tambaye ni me na sa a ciki, me zan ce?"

Raina ya ɓaci. Malam ya dube ni ya ce, "Ka koma ka tambaye ta. Abin da ta gaya maka, ka zo ka gaya mana yadda yake, kada ka ƙara kada ka rage."

A kwanakin nan kullum sai Inna ta kira. Tambayarta ɗaya ce: an sa shi a makwancinsa? Ina ce mata ana shiri, ƙasar nan komai sai da takarda. Na gaya wa babbar yayarmu gaskiya, ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta ce in na bari Inna ta ji, ni na kashe ta. Wata rana Inna ta ce mini, "Na gan shi a mafarki, yana tsaye a bakin rijiyar gidan nan yana ta neman guga. Ku hanzarta." Maiɗakina tana kusa, ta ji. Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Na koma wurin Anti da yamma. Muka zauna a baranda, hadari yana haɗuwa ta yamma amma ruwan ya ƙi sauka. Na tambaye ta kai tsaye ko shi ya ce a yi masa haka.

Ta ce lokacin da mahaifinta ya rasu aka ƙona shi, suna hanyar dawowa Yaya ya ce, wannan dai babu wanda ya sha wahala. Ta tambaye shi ko shi ma haka yake so. Ya yi dariya ya ce, in na mutu ai ba ni da ta cewa.

"Shi ke nan abin da ya faɗa?"

"Shi ke nan. Ba mu sake tayar da maganar ba."

"To me ya sa ba ki buɗe wa mutanenmu ƙofa ba?"

Ta juyo ta dube ni sosai. "Shekara da shekaru babu wanda ya taka barandar nan a cikinsu. Da ya kwanta asibiti bara, kai kaɗai ka zo. Ranar da na fara ganinsu ita ce ranar da suka zo ɗauke mini shi. Na taɓa raka shi jana'izar wani abokinsa, na ga yadda kuke yi. Kafin rana ta faɗi an rufe mutum, matarsa tana can nesa cikin mota. Na ji tsoro, shi ya sa na yi abin da na sani."

Ban iya ce mata ƙarya take yi ba. Na fito da yadin daga jaka na ɗora a kan cinyarta, na gaya mata na waye, da inda aka saye shi, da abin da Inna ta ce. Ta shafa shi, ta kai hanci ta shaƙa. Can ta ce, "Mahaifiyarsa ta sani?" Na ce a'a. Ta rufe ido.

"Bayan taron Asabar ka ɗauke shi," ta ce. "Amma zan zo, kuma zan tsaya a bakin ramin, ba cikin mota ba."

Na kai wa su Malam maganar kamar yadda take. Alhaji ya ce ai ka ji, bai hana ba. Malam ya ce bai kuma yi umarni ba, kuma ba a fitar da mutum daga Musulunci da dariyar da ya yi a mota. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin Yaya yana sallah a shekarun nan. Na ce na gani, a gidana, a bayana. Ya ce wannan ya ishe shi. Alhaji ya yarda, amma ya ce sai dai a can ƙarshen fili, kusa da shinge, kuma a yi da safe ranar aiki, lokacin da babu jama'a.

Ranar Asabar na je taron ni kaɗai. Zauren ya cika fiye da yadda na zata. An ɗora akwatin a kan tebur mai farin mayafi, an kewaye shi da furanni. Mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗin alherinsa. Wata tsohuwa ta ce ya gyara mata na'ura a tsakiyar zafi ya ƙi karɓar komai. Wani ya ce shi ya koya masa kamun kifi. Suna kiransa da wani gajeren suna da ban taɓa ji ba. Na zauna ina sauraron labarin wani mutum da ya yi rabin rayuwarsa a nan, minti kaɗan daga gidana, ni kuwa gefensa ɗaya kawai na sani. Da aka ce in yi magana, na tashi na ce shi ya kawo ni ƙasar nan, mahaifiyarmu tana raye, tana gaishe su. Daga nan na koma na zauna.

Bayan an tashi, 'yar Yaya ta zo ta same ni a bakin ƙofa. Budurwa ce, ma'aikaciyar jinya a birnin Charlotte, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Kamarsu ɗaya da Inna, har tsagar haƙori. Ta riƙe hannuna ta ce mamanta ta gaya mata shirin da aka yi, kuma ba ta da ja. Sannan ta jawo wata siririyar sarƙar azurfa daga cikin rigarta. A jikinta akwai ɗan bututu kamar ƙwallon dabino.

"Na ɗebi kaɗan," ta ce. "Masu jana'izar suka zuba mini suka liƙe. Ina so ka sani, kada ka ji daga baya."

Na ce mata a wurinmu ba a raba mutum, duk abin da yake nasa tare ake rufewa. Na roƙe ta, na ce ko don kakarta. Ta saurare ni har na gama, idonta ya kawo ruwa, amma ta mayar da sarƙar cikin riga ta dafe wurin da hannu.

"Ku kun samu kusan dukansa," ta ce. "Wannan nawa ne."

Na ɗauki akwatin na sa a kujerar gaba, na ɗaura masa bel don kada ya zame. A hanyar Wendover motoci sun cushe, duk birkin da na taka sai na ji tsakuwar nan ta motsa. Maiɗakina ta tare ni a ƙofa, ta dubi abin da ke hannuna ta ja da baya. Ta ce ba don ƙi ba, amma kada yara su gani. Na sa shi a saman durowar kayana na rufa masa sallaya. Kwana biyun da ya yi a gidan, babu wanda ya yi magana da ƙarfi. Ƙaramar 'yata ta tambayi uwarta da Turanci me ya sa ba a shiga ɗakin Baba.

Na gaya wa Malam zancen sarƙar. Ya girgiza kai ya ce, "Abin da ke hannunka shi za a tambaye ka. Wancan ka bar wa Allah, amma kada ka daina roƙonta."

Ranar Litinin da safe muka shiga ɗakin wankan gawa na masallaci, ni da shi. Rediyo tun jiya yake gargaɗin cewa ragowar wata guguwar teku tana tahowa. Muka shimfiɗa likkafanin Inna a kan teburin ƙarfe, ya rufe shi har ya zubo ta gefe. Na buɗe akwatin. Leda ce mai kauri a ciki, an ɗaure bakinta da wani ɗan ƙarfe mai lamba. Malam ya ce a zuba a yadin, kada roba ta shiga tsakaninsa da ƙasa. Na yanke bakin ledar na karkata ta a hankali. Ba irin tokar murhu ba ce. Fara-fara ce, mai gautsi, da gutsattsarin da ban so na gane ko mene ne ba. Duk da lallaɓawar da na yi, ƙura ta tashi ta kwanta a hannuna da gaban rigata. Na tsaya da hannu a sama, na rasa inda zan sa shi. Malam ya kawo roba ya tara, ya zuba mini ruwa daga buta na wanke a ciki, ya juye ruwan a galan ya rufe. Ya ce da shi za mu tafi.

Muka naɗe yadin, muka ninka, muka sake ninkawa, muka ɗaure da tsummokin da ya yaga daga gefe. Ya fito kamar gawar jinjiri.

Maƙabartar tana bayan gari. Da muka isa sama ta yi baƙi, iska ta tsaya cak. Ma'aikacin wurin, wani Bature, ya riga ya haƙa ɗan rami mai kusurwa huɗu, irin na dasa itace. Malam ya duba ya ce ba haka ba. Ya karɓi shebur, na karɓi ɗaya, muka tsawaita shi muka daidaita shi da alƙibla, muka fafe gefe. Jar ƙasar nan ta jiharmu ta Carolina tana manne wa shebur kamar tuwo. Mu bakwai ne maza. Alhaji ya zo, ya tsaya a baya da hannuwa a goye. Malam ya ce a karatun da ya taso da shi ba a sallatar abin da bai kai yawancin jiki ba, amma akwai malaman da suka ce wanda ba a yi wa sallah ba ana yi masa ko ba ya nan, kuma da wannan zai yi aiki yau. Muka yi sahu ya yi kabbara huɗu. Na lura Alhaji ya shigo sahun a kabbara ta biyu.

Anti da 'yarta suna tsaye a bakin ramin, sun yafa gyale. Babu wanda ya ce musu su matsa. Na durƙusa na sa shi da hannuna, na kwance ɗaurin. Malam ya tsiyaya ruwan galan a gefensa. Muka jera katako muka fara tura ƙasa. Anti ta ɗebi ƙasa da hannu ta zuba, 'yar ma haka, ɗaya hannun nata yana kan ƙirjinta. Ba mu gama addu'a ba ruwa ya ɓarke, mai ƙarfi, har jar ƙasar ta fara gudu a ƙarƙashin takalmanmu. Muka tsaya muka ƙarasa a cikinsa.

Daga cikin mota na kira Inna, ruwa yana dukan rufi. Na ce an rufe shi, da likkafaninta, an yi masa sallah, Malam ne ya ja. Ta yi hamdala ta yi ta sa albarka. Ta tambayi ko an samu jama'a, na ce an samu daidai gwargwado. Sannan ta ce, "Wa ya yi masa wanka?"

Na buɗe baki ban samu abin faɗa ba. Shirun bai yi tsawo ba, amma ya isa. Ina jin numfashinta, ina jin kaji a tsakar gida.

"Bari," ta ce. "Kada ka faɗa. Allah ya yi maka albarka." Ta kashe wayar. Har yau ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta sake ambaton sunansa a gabana ba.

Tun daga lokacin nake zuwa gidan Anti duk ƙarshen mako, in yanke mata ciyawa, in duba abin da ya lalace. Malam ma ya je sau ɗaya ya yi mata gaisuwa, wannan karon ta buɗe ƙofar. Na roƙi 'yar Yaya sau biyu a kan sarƙar, amsarta ba ta canza ba, na ga in na matsa zan rasa ta gaba ɗaya.

Da Babbar Sallah ta zagayo na gayyaci 'yar Yaya gidanmu, ta zo da kek. Muna cin nama a falo, ta sunkuya za ta ɗauki kofi, sarƙar ta zamo daga wuyan rigarta. Babbar 'yata, wadda a lokacin take ajin ƙarshe na firamare, ta kai hannu ta kama ɗan bututun tana jujjuya shi. Ta tambaye ta mene ne a ciki. 'Yar Yaya ta gaya mata, ba ta ɓoye komai ba. Yarinyar ba ta tsorata ba. Ta ƙara matsowa tana dubawa, ta ce da Turanci abin yana da kyau, ashe ana iya tafiya da mutum duk inda za a je.

Na ce mata da Hausa ta saki, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta saki, ta zo ta zauna, amma idonta yana can. Maiɗakina ta dube ni ta saman kan yaran, ta ajiye naman da ke hannunta.